Famfon Sola a Noman Rani: Yadda Za Ka Yi Lissafin Kuɗi da Lissafin Haƙƙi Kafin Ka Saya

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, lissafin noman rani ya rikice a fadamun Arewa. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a gidan mai ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta zarce 1,000. Manomin ƙauye ma ba a gidan mai yake saya ba, wajen 'yan bumburutu yake saya da ribarsu a kai. Shi ya sa yanzu duk inda manoma uku suka zauna, hirar famfon sola ce.

Ni malamin gona ne da ya ajiye aiki, ina kuma taɓa noman alkama da tumatir da albasa a fadamar kogin Haɗeja. Ina goyon bayan sola, kada a fahimce ni a baibai. Sai dai yawancin masu zuwa neman shawara tambaya ɗaya suke kawo mini, "Malam, nawa ne?" alhali tambayoyin biyu ne. Ta farko, kuɗinka zai dawo? Ta biyu, ruwan da za ka ja, wa zai rasa shi? Mai shago zai taimake ka da ta farko gwargwadon abin da ya dace da cinikinsa. Ta biyun kuwa babu wanda zai tayar maka da ita sai ranar da aka kai ƙararka gaban mai unguwa.

Fara sanin abin da injinka yake ci

Kada ka je kasuwa tukuna. Sayi littafi na 'yan makaranta, ka rubuta duk litar da ka zuba wa injin ban ruwanka daga shuka zuwa girbi, da baƙin mai, da fulogi, da kuɗin bakanike, da kuɗin babur ɗin da ke kai jarka gona. Manoma da yawa sun san kuɗin takinsu har kwabo, amma fetur da yake fita kaɗan-kaɗan ba su taɓa tara jimillarsa ba. Inji mai bakin inci uku, irin wanda ya cika fadamunmu, yakan sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, ya danganta da tsufansa da yadda kake buɗe masa wuta.

Sai ka auna ruwan da yake ba ka. Ajiye duro mai lita 200 a ƙarshen tiyo, a daidai inda ruwan yake shiga gona, ka duba agogon waya. Idan ya cika cikin daƙiƙa 20, to injinka na ba da lita 36,000 a awa. Don sauƙin lissafi, bari mu kira lita 1,000, wato duro biyar, tanki ɗaya. Tanki 36 ke nan a awa. Ninka da awoyin da kake kunnawa a mako, ka raba gida bakwai, ka samu abin da gonarka take sha a rana. A lokacin zafi, shuka a hekta ɗaya takan buƙaci tanki 50 zuwa 70 a kullum, amma da yake ban ruwanmu na kwarara ne, kusan rabi yana nutsewa a hanya ko ya malale, sai ka ga abin da ake ɗagowa ya doshi tanki 100.

Na uku shi ne zurfi, kuma nan ne aka fi yin asara. Ɗaura noti a siririyar igiya, ka zura cikin rijiyar har ka ji ya taɓa ruwa, ka auna. Ka yi haka kafin kunna inji, ka sake bayan ya yi awa ɗaya yana ja. Na biyun shi ne zurfinka na gaskiya. Ka kuma yi awon a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, domin awon Nuwamba yaudara ce. Ka haɗa da tsayin tudun da ruwan zai hau a cikin gona, sannan ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin biyar idan tiyonka dogo ne.

Ga yadda za ka san farantan sola nawa kake buƙata. Ninka yawan tanki a rana da zurfin a mita, ka raba da 367, ka ninka sau biyu saboda famfo yana ɓatar da kusan rabin wutar da ya karɓa, sannan ka raba da huɗu, wato awoyin rana mai ƙarfi da za ka iya dogaro da su bayan an cire asarar zafi da ƙura. Abin da ya fito shi ne kilowat. Tanki 100 daga zurfin mita 10 zai ba ka kusan kilowat 1.4, farantai uku ke nan masu wat 500. Tanki 100 ɗin nan daga mita 30 kuwa sai kilowat 4 da ɗoriya, farantai takwas masu wat 550. Ka ga ashe zurfi ne yake yanka farashi, ba faɗin gona kaɗai ba.

Yaushe kuɗin zai dawo

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da na ƙaddara don bayani kawai, kai sai ka sa naka. A ce littafinka ya nuna lita 300 a noma ɗaya, a naira 900, wato 270,000. A ce gyara da baƙin mai da zirga-zirga sun ci 50,000. Jimilla 320,000. A ce an yi maka kuɗin famfo da farantai da ƙarafa da aikin haɗawa naira miliyan 1.6. Idan sau ɗaya kake noma a rani, shekara biyar kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan kana cire alkama a Maris ka bi da masara ko shinkafa kafin damina, shekara biyu da rabi. Farantin kirki yana haura shekara 20 yana aiki, amma famfon da akwatin da ke sarrafa wutar ba sa kaiwa nan, don haka ka riƙa ware kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsu duk shekara.

Abin da wannan lissafi yake koyarwa shi ne, famfon sola yana cin riba ne da yawan kwanakin da ya yi aiki. Injin fetur yana da araha wajen saye da tsada wajen amfani, na sola kuwa akasin haka. Saboda haka mai kwatar hekta da ke ban ruwa sau ɗaya a mako, idan ya sayi nasa shi kaɗai, ya ɗaure kuɗinsa ne a abin da zai kwana shida yana kallon rana. Gara ya haɗa kai da maƙwabta uku ko huɗu. Ka kuma tambayi kanka abin da miliyan 1.6 ɗin za ta haifar da a taki ka sa ta, ko a kiwon raguna na layya. Idan sayen famfo zai sa ka shiga rani babu kuɗin taki, to bana ba shekarar saye ba ce.

Akwai tsaka-tsaki da mutane da yawa suka kama tun 2023, wato sauya wa injin kafireta ya koma shan gas na girki. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: kilo ɗaya na gas yana yin aikin kusan lita 1.4 ta fetur. Duk ranar da kuɗin kilo bai kai kuɗin lita 1.4 ba, gas ya fi sauƙi. Matsalarsa nisan wurin cikawa da haɗarin tukunya a rana tsaka, a sama mata inuwa.

Game da bashi, ina da tsauri. Noman tumatir caca ce da kasuwa da ƙwari. Wanda ya ga abin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta yi a Kano da Kaduna a 2016 ba zai ci bashin da biyansa ya rataya kan girbi ɗaya ba. In za ka saya a biya kaɗan-kaɗan, a yanka farashi ɗaya tun ranar farko, a rubuta, kada ya zama mai hauhawa idan ka makara, kuma a daidaita lokutan biya da lokutan girbi. Adashin ƙungiya ya fi mini kwanciyar hankali. A ɗaya ɓangaren, jinkiri ma yana da tsada: kayan nan daga waje ake shigo da su, akasari daga Sin, kuma bayan an bar kasuwa ta riƙa yanka darajar naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Faɗuwar farashin farantai a kasuwar duniya ce ta rage mana raɗaɗin.

Wani abu da nake yawan tunawa a nan: shari'a ta daɗe da sanin cewa ɗaga ruwa yana da tsada. Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da zakkar ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala kuwa ɗaya cikin ashirin. Lissafin makamashi ke nan tun zamanin raƙuma da guga. Inda famfon sola ya faɗa a ciki, ka kai wa malaminka tambayar, ka kuma gaya masa kuɗin da ka kashe da na gyara don ya yi maka fatawa a kan sani.

A shago da kuma a gona

Tafi da tef na awo. Farantin zamani yana ba da wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita, don haka mai wat 550 na gaskiya tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya haura mita ɗaya. In ka ga ƙaramin faranti an manna masa takardar wat 500, takardar ce kawai mai 500. Ka nemi a nuna maka jadawalin famfon, inda aka rubuta ruwan da yake bayarwa a kowane zurfi, domin babban adadin da ke jikin kwali na zurfin da bai kai komai ba ne. Ka tabbata yana da na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya ƙafe, ka tambaya ko yana jure yashi, ka karɓi garanti a rubuce, sannan ka tambayi garin da mai gyaransa yake. Idan bututun rijiyarka siriri ne, sumo, wato famfon da ake zurawa cikin ruwan, ba zai shiga ba, sai famfon da ke zama a sama.

Kada ka sayi batir don ban ruwa. In kana son ajiya, ajiye ruwa a kududdufi da aka shimfiɗa wa leda ko a tanki a kan tudu. Batir mai ruwa zafin bazara yana kashe shi da wuri, kuma idan ya mutu, masu sayen gwangwan suna fasa shi su tsiyayar da ruwan a ƙasa su ɗebi dalmar. Mun ga aikin gubar dalma a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma guba ɗaya ce, kuma ba abin kaiwa bakin fadama ba ce.

Farantai su fuskanci kudu, a ɗan karkace kamar digiri 10 zuwa 15, babu inuwar reshe ko ta kara a kan ko ɗaya, domin inuwa a kan guda tana rage ƙarfin duk layin. A hunturu a riƙa goge ƙura da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Hannunka ma sai ya sauya: injin fetur yana yi maka ambaliya cikin awa uku ka tafi gida, sola kuwa a hankali yake zubowa daga hantsi zuwa la'asar, ya fi ƙarfi da azahar. Ka raba gonar kashi shida ko bakwai, kowace rana da nata fangalin. Ka yi shirin ɓarayi, ko dai ƙarafa masu walda da mai gadi, ko amalanken da zai mayar da kayan gida da yamma. Kafin ruwa ya sauka kuma a kwashe komai daga fadama, duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ba ya buƙatar a maimaita masa. Tsohon injinka kada ka sayar a shekarar farko, akwai ranakun hazo.

Ruwan na wane ne

Tsadar fetur, duk da zafinta, ta kasance tana yi mana wani aiki da ba mu lura ba. Ita ce take sa manomi ya kashe inji da zarar fangali ya cika. Da sola, awa ta goma ba ta fi awa ta farko tsada ba, dukansu kyauta ne, don haka babu abin da zai tuna wa yaron gona ya kashe. Mai gona kuma, da ya ga ruwa ba ya cin kuɗi, sai ya faɗaɗa gona, ko ya bar albasa ya koma shinkafa mai shan ruwa. Kowane ɗaya a cikinsu ya yi abin da ya dace da aljihunsa, amma ruwan da ke ƙarƙashin fadama bai san iyakar gonar kowa ba. Kamar ƙwaryar fura ce ɗaya a tsakiyar mutane, wani ya zo da ludayin da ya ninka na kowa.

Ga inda abin yake cizo. Duk famfon da ke zaune a sama yana zuƙo ruwa, komai ƙarfinsa, ba ya iya zuƙowa daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas. Ba laifin kamfani ba ne, iyakar da nauyin iska ya yanka ke nan. Sumo kuwa a cikin ruwan yake zaune yana turowa sama, shi ya sa mita 30 ba ta dame shi ba. Saboda haka idan ruwan fadama ya sauka daga mita shida zuwa tara, mai sumo ba zai ma sani ba, amma duk masu ƙananan injina da ke kewaye da shi sun tashi daga noma.

Na ga wannan da idona a wata bazara. Wani mai hali ya sayi gona a gefenmu, ya haƙa bohol, ya sa sumo da farantai takwas. Ruwa na zuba tun hantsi, fangaloli su cika su tumbatsa, ragowar ya bi kwari ya tafi. Da Afrilu ta yi nisa sai injin wani matashi da ke gabas da shi ya fara tari, ya tofo ruwa ya tofo iska, tiyo yana karkarwa. Ya sauya fulogi, ya kira bakanike, ya ɗure bututu da ruwa har ya gaji. Da na je na same shi a cikin rami da ya haƙa har ya shanye tsayinsa, yana ƙoƙarin sauke injin kusa da ruwa.

"Baba Malam, injin nan lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ruwan ne ya gudu."

Na ce, "Fito daga ramin nan tukuna, ɗana. Kada ka kuskura ka tsaya a ciki inji na aiki, hayaƙinsa kisa yake yi ba ka ji ba ka gani."

Da aka zauna gaban mai unguwa, mai bohol ya ce, "Ranka ya daɗe, a gonata na haƙa, da kuɗina na haƙa, rana kuma ba ta kowa ba ce." Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ba mugun mutum ba ne. Abin da ya raba gardama shi ne igiya da noti: aka auna rijiyar yaron da asuba, aka sake aunawa da la'asar, aka kashe sumo kwana biyu aka sake aunawa. Bambancin ya fito fili, mutumin da kansa ya ce a yanka masa awoyi.

Ka yi wannan gwajin kai ma, tun kafin a kawo ƙara, domin ba kullum bohol ne mai laifi ba. A wasu wurare akwai shimfiɗar yumɓu tsakanin ruwan sama-sama da na can ƙasa, kuma idan mai haƙa ya toshe saman da kyau ya buɗe bututun a ƙasa kawai, maƙwabta ba za su ji komai ba. Ka gaya wa mai haƙar haka tun farko. Wata shekarar kuma ƙarancin damina ne ya sa ruwa ya sauka wa kowa. Awo ne kaɗai zai bambance.

Addini bai bar mu cikin duhu a nan ba. Hadisi ya zo cewa Musulmi suna tarayya a abubuwa uku: ruwa, ciyawa da wuta. Wani hadisin ya ce babu cuta babu cutarwa. Imam Malik ya ruwaito hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan kwarin Mahzur na Madina: na sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya saki wa na ƙasa. Ka lura, ba a hana na sama sha ba, an dai yanka masa ma'auni. Malaman fiƙihu kuma sun yi magana a kan hurumin rijiya, cewa ba a haƙa wata kusa da ita ta yadda za ta janye mata ruwa. Dagacin da zai yi sulhun famfon sola yau yana da abin dogaro.

Wasu ƙasashen sun riga mu shiga wannan rami. A jihar Fanjab ta Indiya an mayar da wutar ban ruwa kyauta ga manoma a 1997, ruwan ƙasa ya yi ta sauka shekara bayan shekara, masu hali suna ƙara zurfin bohol, ƙananan manoma suna cin bashi don su bi su. A wani ƙauye mai suna Dhundi a jihar Gujarat kuwa, manoma sun kafa ƙungiyar masu famfon sola a 2016 suna sayar wa kamfanin lantarki rarar wutarsu. Da rarar ta zama kuɗi, sai kashe famfo ya zama riba. Mu a fadamunmu babu layin lantarkin da za mu sayar wa, amma dabarar tana nan: nemar wa wutar wani aiki. Cajin waya, ƙaramin injin markaɗe, firjin ƙanƙara a bakin hanya, duk abin da zai sa ka ji cewa awar da ka ɓata kana malalar da ruwa ta ci maka wani abu.

Mu da ke bakin kogin Haɗeja ma bai kamata a ba mu labarin na sama da na ƙasa ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da dausayin Haɗeja zuwa Nguru ta sauya, masunta da makiyaya da masu noman shinkafar fadama suka ji a jikinsu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa ruwan da aka bari ya malala cikin dausayin yana samar da amfanin da ya fi na wanda aka tsare a sama, idan aka haɗa kifi da kiwo da itace da noma. Kogin nan kuma shi ne yake zama Komadugu Yobe, wanda masu noman tattasai na Diffa a Nijar suke sha kafin ya kai Tafkin Chadi. Famfonka ɗaya ba zai ƙafar da shi ba. Dubbai a jere, babu mai aunawa, magana ce daban.

Idan gwamnati ko wata ƙungiya ta kawo rabo

Tallafin fetur ya ci naira tiriliyan 4.39 a 2022 kaɗai, kuma kaso mai yawa ya tafi ga masu manyan motoci da masu fasa-ƙwauri zuwa maƙwabtan ƙasashe. Ban yi kukan tafiyarsa ba. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, mai injin ban ruwa ya fara biya tun ranar farko, abin da za a rage masa zafi da shi kuwa ya biyo baya a makare. Don haka tallafa wa famfon sola adalci ne, in an yi shi da tsari. In aka kawo rabo garinku, ku tambaya a karanta sunayen masu karɓa a bainar jama'a, ku tambaya wa aka koya wa gyara a cikin yaranku, musamman bakanikan injin fetur da masu sayar da mai a jarka waɗanda sana'arsu za ta ja baya, ku kuma tambaya wa zai riƙa auna ruwan ƙasa. Na fi son a bai wa ƙungiyar mutum biyar famfo ɗaya su biya wani kaso, da a bai wa mutum ɗaya kyauta. Shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan injina da rijiyoyin bututu har suka kori jigo, ya kuma ɗaga mutane da yawa, amma aunon ruwa bai zama al'adarmu ba har yau.

Masu rabon za su yi muku jawabin sauyin yanayi. Gaskiya ne kowace litar fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, lita 300 ke nan kusan kilo 700, kuma Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa daga iska ba. Amma Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin duniya, don haka kada wani ya sa ka ci bashi don wanke laifin da ba kai ka yi ba. Haƙƙin da ke wuyanka kai tsaye yana nan kusa, a rijiyar maƙwabcinka.

Takardar da za ku rubuta kafin a kunna

Ku tara duk masu rijiya a yankin, da mai unguwa, da liman, da wakilin makiyayan da ke shayarwa a wurin. Ku zaɓi rijiya ɗaya a tsakiya ta zama ta awo, ku ɗora wa mutum biyu, ɗaya mai sola ɗaya mai injin fetur, su riƙa aunawa duk Juma'a da safe suna rubutawa. Ku yanka iyaka: idan ruwa ya kai mita shida, masu sumo su rage awoyi, idan ya kai bakwai, a koma kwana ɗaya a kunna kwana ɗaya a huta, tun kafin ƙananan injina su fara shaƙar iska. Ku amince da tazarar da za a bari tsakanin sabon bohol da tsohuwar rijiya, da kuma cewa ba a shuka shinkafar bazara sai awon Fabrairu ya nuna akwai hali.

Idan mai sola zai riƙa ba maƙwabta ruwa, a rubuta shi a matsayin hayar famfo da awa, domin akwai hani a kan sayar da rarar ruwa, kuma haya ta fi fita daga shubuha. Kuɗin awa ya zama ƙasa da abin da maƙwabcin zai kashe a fetur, sama da abin da gyara zai ci, a kuma yanka shi tun kafin shuka har zuwa girbi. Dalili shi ne, ranar da tumatir ɗin mutum ya fara fure kuma ya riga ya sayar da injinsa, duk farashin da aka faɗa masa zai karɓa, kuma wannan ba ciniki ba ne. A sa layin ban ruwa a rubuce, mai gonar ƙarshe ya san ranarsa. Ruwan azahar da ya yi yawa a kai shi kwami a gefen burtali don dabbobi, ya fi a bar shanu su keto gona nemansa.

A ƙarshen takardar ku rubuta tarar wanda ya karya, ko buhu ne ko kuɗi, da inda tarar za ta tafi, misali asusun gyaran kwamin dabbobi da sayen sabon tef na awo. A yi kwafi uku, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin masu awo, a kuma sake zama a kanta duk Oktoba kafin a fara gyaran fangali.